"To" Ɗin Auta

Ƙanena Auta yana da shekara ashirin da uku, kuma har zuwa satin da zan ba ku labari ban taɓa jin ya ce wa wanda ya girme shi "a'a" ba. Ba ƙari na yi ba. Ni ce babba a gidanmu, ni na goye shi, ni na ja hannunsa zuwa makaranta ranar farko yana kuka majina har haɓa. In da ya taɓa yi wa wani musu, da ni zan fara sani. Duk abin da ka gaya masa amsa ɗaya ce: "To." Har abokansa suka daina kiran sunansa, sai dai ka ji ana ƙwala kira daga ƙofar gida, "Malam To yana nan?"

Ba daga sama ya tsinci halin ba. Babanmu mai yankan gilashi ne, kuma yadda yake yankan gilashi haka yake magana: ya ja layi sau ɗaya, ya ɓalle, an gama. Ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga wa ɗayanmu hannu ba, amma in ka mayar masa da magana zai yi maka wani kallo da za ka gwammace mari. Ni na sha kallon nan har na saba, don bakina ba ya ajiye magana. Umma kuwa hanyarta daban. Baba zai ce a jingina kabad a wannan bangon, ta ce "to", bayan kwana biyu ka ga kabad a wancan bangon inda ba ya tare ƙofa, Baba kuma ya shigo ya dube shi ya ce, "Kun gani? Ai na faɗa muku nan ya fi." Auta ya taso yana kallon mu biyu, ya ga wadda take kwana da ciwon kai da wadda take barcinta lafiya, sai ya zaɓi hanyar Umma.

Sai dai mu 'yan gida mun san "to" ɗinsa iri-iri ne. Akwai gajere mai fita da sauri, wannan ya yarda ke nan. Akwai wanda yake ja yana kallon ƙafarsa, wato ya ji amma ransa bai so ba. Wanda na fi tsoro shi ne mai zuwa a makare: sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya sosa bayan kunne, sannan ya sake shi a hankali. Ma'anar wannan ita ce, "Ranka ya daɗe, ka sake dubawa, akwai matsala." Ni da Umma ko a waya muna rarrabe su. Baba kuwa duk "to" biyayya ce a wurinsa, kuma yana alfahari da ita. Kowace Asabar Auta yana shago, shi ke riƙe bakin tef, shi ke rubuta awo a littafi, Baba yana gaya wa masu sayayya, "Wannan yaron bai taɓa ɓata min rai ba."

Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, wannan kam ba a musu. Ya samu gurbin karatun kasuwanci a jami'a, da tallafi a kai. A shekara ta uku tsarin karatun nasu ya ce dole kowane ɗalibi ya yi wata shida yana aiki a wani kamfani a ƙasar waje, a ƙarshe kuma wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya rubuta rahoto a kansa. Wanda aka sallama kafin watannin su cika, shekararsa ta tafi. Masu tallafin kuma sun rubuta ƙarara cewa ba sa maimaita wa kowa shekara. A gida irin namu ma'anar wannan ɗaya ce: karatu ya ƙare, saura shekara guda a kammala.

A filin jirgi Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka bi na gaba da kai. Kada in ji an ce ka ɗaga wa wani murya."

"To, Baba."

Ni kuma na ja shi gefe na ce, "Kai, ka ji ni da kyau. Can ba gida ba ne. In abu bai yi maka ba, ka buɗe wannan bakin naka."

"To, Yaya."

Na ji wanne ne ya ba ni. Mai jan nan ne.

Kamfanin da aka tura shi na masu rarraba kujeru da tebura ne zuwa makarantu da ofisoshi. Ya zagaya da mu ɗakinsa ta waya: gado ɗaya, tebur ɗan ƙarami, taga mai kallon bangon wani gini da bututun ruwa a jikinsa. Umma ta ce, "Nan za ka yi wata shida?" Ya ce ai da daɗi, babu hayaniya. Ofishin nasu a hawa na uku yake, an rarraba shi da bangon gilashi, Baba kuwa abin da ya fara tambaya shi ne kaurin gilashin. Shugabarsa mace ce mai kamar shekara hamsin, mai tafiya da sauri, wadda take cin tuffa a kan teburinta tana karanta takardu. Ranar farko ta ce ya riƙa kiranta da sunanta kawai. Bakinsa ya kasa ɗauka. Wata biyar yana kewaye-kewaye, in zai yi mata magana sai ya tsaya ta gefenta ya yi gyaran murya. Mu dai a gida Madam muka sa mata.

Yarensu ya iya, tun kafin ya tafi ya yi shekara biyu yana koyo. Matsalar ita ce suna da kalma guda mai kama da "to" ɗinmu, amma tasu fuska ɗaya gare ta: na yarda. Auta ya kwashe duk nasa, gajere da dogo da mai zuwa a makare, ya zuba a cikin wannan kalma ɗaya. A satin farko wani abokin aiki ya tambaye shi ko yana shan kofi babu sukari. Ya ba shi "to" mai ja. Tun daga ranar, kullum da safe sai bawan Allahn nan ya ajiye masa kofi baƙi wuluk mai ɗaci, shi kuma ya shanye ya yi godiya. Da ya ba ni labari na yi dariya har da hawaye. Ban san abin da yake tafe ba.

Ranar wata Talata da rana ina kantin maganin da nake aiki, ina jera kwalaben maganin tari a kanta, sai waya ta yi ƙara. Na ga Auta ne. Na ɗauka da sauri, don bai taɓa kira a lokacin aiki ba.

"Yaya, ina wuni. Ya aiki? Ya su Umma? Ya ƙafar Baba?"

"Auta, ajiye gaisuwar nan. Me ya faru?"

"Ba komai. Wata 'yar magana ce."

"Wace magana?"

"An ce in zo taro ranar Juma'a da ƙarfe goma. Da manaja, da Madam, da wani malaminmu daga jami'a, shi ta kwamfuta zai shiga."

Na ajiye kwalbar da ke hannuna kafin ta kuɓuce min. Na shiga ɗakin ajiya na rufe ƙofa, na zauna a kan kwali, na ce ya faɗa min daga farko. Sai da na yi ta jan maganar daga bakinsa kamar mai cire ƙaya.

Ga abin da ya faru. Sati uku da suka wuce wata makaranta ta sayi kujeru ɗari huɗu. Madam ta cike takardar aikawa, ta sa hannu, ta miƙa masa ta ce ya shigar a kwamfuta yadda take. Yana dubawa ya ga ta rubuta tsohon adireshin makarantar. Ya san sun tashi daga can, don shi da hannunsa ya ajiye wasiƙar da suka aiko ta sauya adireshi a cikin fayil. Madam tana tsaye a kansa, tuffa a hannu, ta ce, "Komai daidai?" Ya yi shiru, ya sosa bayan kunne, ya ba ta "to" mai zuwa a makare. Ita kuwa ta ji "na yarda", ta wuce abinta. Ya jira ta dawo ta sake dubawa, kamar yadda ni ko Umma za mu yi. Ba ta dawo ba. Sai ya yi abin da ya taso ya ga ana yi: ya gyara adireshin a kwamfuta, bai gaya wa kowa ba. Kujeru suka isa inda ya kamata, makaranta ba ta yi ƙorafi ba.

Abin da bai yi tunani ba shi ne kwamfutar tana riƙe sunan duk wanda ya taɓa ta. Da masu binciken ƙarshen wata suka zo, sai suka ga ɗalibi ɗan koyon aiki ya sauya adireshin kaya bayan shugaba ta sa hannu. A kamfanin nan wannan babban laifi ne, don ta haka ake karkatar da kaya, kuma hukuncinsa sallama. Madam tana hutu, sai Juma'a za ta dawo. Manaja ya tare shi a bakin matakala ya ce, "Kai ka sauya wannan ba tare da izini ba?"

"Me ka ce masa?" na tambaya, ko da yake na riga na sani.

"Na ce to."

"Shi ke nan?"

"Ai gaskiya ne, Yaya, ni na sauya."

"Ba ka gaya masa dalili ba?"

"Yaya, in ce matar nan ta yi kuskure? Bayan idonta? Ta girmi Umma fa."

Wallahi da yana kusa da na shaƙe shi. Na ce, "Wasiƙar nan tana ina?" Ya ce tana cikin fayil, ya san shafin ma. Na ce, "To ka ɗauko ta. Ranar Juma'a ka ajiye ta a kan tebur, ka ce Madam ta rubuta adireshin da ba shi ba ne, ka gyara. Magana biyu ce."

Ya yi shiru. Ina jin numfashinsa. Daga can ya ce, "To."

Na ce, "Kada ka sake ba ni wannan."

Kwana ukun nan ban san yadda na yi su ba. Na ba wata mata maganin tsutsar ciki a maimakon na ƙwarnafi, Allah ya sa na lura kafin ta fita. Abinci ya daina shiga. Duk inda na juya sai in ga Auta ya sauko daga jirgi da akwatinsa ɗaya, kansa a ƙasa, maƙwabta suna tambayar, "Har an gama?" Abin da ya fi cina shi ne yaron nan bai yi sata ba, bai yi ha'inci ba, alheri ya yi, kuma alherin ne zai cinye shi.

Ranar Laraba a lokacin hutunsa na rana na kira shi na ce mu gwada. "Ni ce Madam. Faɗa min."

Ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, wataƙila dai ni ne ban gani da kyau ba, amma kamar..."

"Tsaya. Kai ne ba ka gani da kyau ba?"

"A'a, wato..."

"Ka ga, ashe kalmar tana bakinka! Sake."

"Ranki ya daɗe, ba wai laifinki ba ne, kowa ma zai iya, ayyuka ne suka yi miki yawa..."

"Auta, in ka gama ba ta haƙuri a kan laifinta, manaja ya riga ya sa hannu a takardar sallamarka. Ka ce: adireshin da kika rubuta ba daidai ba ne."

Muka yi sau bakwai. Sau ɗaya ya kai har "adireshin da kika", sai murya ta maƙale. Ya ce, "Yaya, ba ki gane ba. In na buɗe baki sai in ji kamar zan tuɓe mata ɗankwali a tsakiyar kasuwa." Na ce Madam ba ta ma ɗaura ɗankwali. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Na so in ɓoye wa su Umma, amma ba a ɓoye wa Umma fuska. Ranar Alhamis da yamma na leƙa gida, tana ninke kaya a falo. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Me ya sami Auta?" Na zauna na faɗa mata duka. Ta daɗe riƙe da rigar Baba a hannu ba ta ninke ba.

"Ni na koya masa," ta ce.

"Umma, ba laifinki ba ne."

"Ban ce laifi ba. Ni da haka na zauna lafiya shekara talatin. Ban san akwai inda ake korar mutum don ya rufa wa babba asiri ba." Ta ajiye rigar. "Dole babanku ya sani."

Na roƙe ta kada ta faɗa sai bayan taron. Ta ce, "To." Ina fita na gane wanne ta ba ni.

Juma'a da sassafe Umma ta kira ta ce Baba yana nemana. Ƙasar su Auta tana gaba da mu da awa biyu, don haka ƙarfe bakwai da rabi namu saura masa rabin awa ya shiga. Na tarar da Baba a falo da kayan aikinsa a jiki, fensir a kunne, bai taɓa shayinsa ba. Ya ce, "Kira min shi." Na kira, na buɗe murya yadda kowa zai ji, na ajiye wayar a kan tebur.

Auta ya fara gaisuwa, Baba ya katse shi. "Na ji abin da ya faru. Ka yi daidai da ka gyara. Amma ka saurare ni. In ka shiga, ka sunkuyar da kai, ka ce laifinka ne, ka ba da haƙuri. Kada ka kuskura ka kunyata matar nan a gaban mutane. Ita ta riƙe ka wata biyar."

Na ce, "Baba, in ya ce laifinsa ne korarsa za su yi!"

"Ba da ke nake ba."

"Amma Baba, takarda ce a rubuce, babu ruwanta da ladabi!"

"Wanda ya yi ladabi ba a korarsa. Za su ga tarbiyya." Ya juya ga wayar. "Ka ji ni?"

Shiru. Ina jin ƙarar ruwa a famfo daga can, ashe a banɗakin ofis ya ɓuya. Na san yanzu yana sosa bayan kunne. Na rufe ido ina jiran kalmar nan, na san kuma da ta fito shi ke nan, don abin da Baba ya ce shi zai yi, ko da ransa zai fita.

"Baba." Muryarsa ta yi siririya kamar ta lokacin da yake ƙarami. "A'a."

Umma ta dafe ƙirji. Baba ya yi wa wayar kallon nan nasa, amma kallo ba ya tsallaka teku.

"Me ka ce?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan ce laifina ba ne. Ba zan zage ta ba, ba zan ɗaga murya ba. Amma zan nuna wasiƙar. In ban nuna ba, ƙarya na yi, kuma karatuna ya tafi." Yana magana yana haki kamar wanda ya hau bene da gudu. "Ana kirana. Ka yafe min."

Waya ta mutu.

Baba ya tashi, ya ɗauki makullin shago ya fita. Ni da na yi kwana uku ina roƙon Allah yaron nan ya buɗe baki, sai na ji jikina ya yi sanyi, don ban taɓa zaton a kan Baba zai fara ba. Umma ta ce, "Bi shi." Na kira mai kantinmu na ce zan makara, na bi bayansa.

Shagon Baba ɗaki ɗaya ne mai tsawo. Manyan gilasai a jingine a bango, an raba su da kwali, a tsakiya kuma babban tebur mai shimfiɗe da tsohon bargo. Ya ɗauko gilashi guda ya kwantar, ya buɗe littafin awo, ya ja tef. Ya auna, ya sake aunawa, ya ɗauki abin yanka, ya ajiye. Ni ina kan benci da waya a cinya. Ƙarfe takwas ta yi, wato sun shiga. Takwas da kwata. Na duba ko wayar a kunne take. Takwas da rabi. Na fara tunanin ko ya shiga ya ga fuskar Madam ya haɗiye komai. Ko ya faɗa, ita kuma ta ƙaryata shi, don wa zai bar maganar shugaba ya ɗauki ta baƙon ɗalibi? Ko an riga an karɓi katinsa na shiga ofis, yana zaune a tashar mota ya kasa kiranmu? Wani mutum ya shigo yana son madubi, Baba ya ce ya dawo da rana. Ban taɓa ganin ya mayar da mai sayayya ba.

Ƙarfe tara da minti goma waya ta yi ƙara. Na danna, na buɗe murya.

"Yaya." Ya yi dogon numfashi. "Ba su kore ni ba."

Na fashe da kuka, ni da nake yi wa mutane dariya in sun yi kuka a waya. Ya ce an ba shi takardar gargaɗi, kuma za a rubuta maganar a rahotonsa, amma zai ƙarasa watansa, shekararsa tana nan.

Baba bai matso ba. Daga bakin tebur ya ce, "Ita matar fa?"

Ashe Auta bai san Baba yana wurin ba. "Baba, na ajiye wasiƙar a gabanta. Ta karanta, fuskarta ta yi ja. Sai ta ce wa manaja kuskuren nata ne, a rubuta haka."

"A gaban mutane?"

"A gabansu. Ko a jikinta. Amma ni ta wanke ni tas da faɗa."

"Don ka tona ta."

"A'a, Baba, don na ɓoye. Ta ce ta tsaya a kaina ta tambaye ni, na ce na yarda. Na yi mata bayanin cewa a wurinmu akwai yardar da ba yarda ba ce. Ta ce ita ba ta da kunnen jin wannan. Ta ce har yau tsohon adireshin ne a jerinta, kuma wata mai zuwa makarantar za ta sayi tebura, ni kuma na tafi. Ta ce, 'Ka gyara takarda ɗaya, ka bar ni da kuskurena ina yawo da shi. Wannan ba taimako ba ne.'"

Baba ya dubi gilashin da ke kan tebur, ya dubi littafin awo. Na ga ya cire fensir daga kunne ya juya shi a hannu. Sai ya tako a hankali ya tsaya a kan wayar.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Tun da ka tafi na ɓata gilashi shida. Na sauya tef sau biyu." Ya ajiye fensirin. "A shagon nan ma kana yi min irin wannan?"

Na ɗago kai. Ni da nake taƙama babu abin da ban sani ba game da yaron nan, wannan ban taɓa jin sa ba.

"Ina yi, Baba."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku ke nan. Bakwai da ɗaya ne suke rikice maka a kan tef, wani lokaci uku da takwas. In ka faɗa sai in leƙa, in rubuta wanda yake daidai."

Na jira kallon. Na jira faɗa. Baba dai ya tsaya, mutum mai shekara sittin da biyu a tsakiyar shagonsa, kuma a karo na farko na ga yadda yake ƙanƙance ido in zai dubi abu na kusa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

"Koma bakin aikinka," ya ce. "Kada su ce ka daɗe a waya."

Na kashe wayar na share fuska, na miƙe zan tafi kanti. Ya ce in dakata. Ya koma bakin tebur, ya ja tef a kan gilashin, ya danne da babban yatsa a inda ya yi alama.

"Zo ki duba min. Na ce saba'in da ɗaya."

Na sunkuya na duba. Bakina da ba ya jin tsoron kowa sai da ya yi nauyi.

"Saba'in da bakwai ne, Baba."

Ya jawo littafin, ya soke abin da ya rubuta, ya rubuta nawa a gefensa.